Yadda Za Ka Duba Ƙafar Mutumin Gidanku Ka Gane Halin da Zuciyarsa Ke Ciki

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, idan ƙafar mutum ta kumbura, ƙafar ake yi wa magani. A shafa man zafi, a ɗaura ganye, a kira wanzami ya kafa ƙaho. In abin ya ƙi, a ce sanyi ne, ko kuma an taka wani abu a hanyar gona. Haka za a ci wata biyu ko uku, sai daren da numfashi ya gagara a tashi neman mota zuwa Wudil ko Ringim ko Haɗeja. A can ne ake jin cewa zuciya ce ta gaza tun tuni.

Duk wanda ya taɓa noman rani zai gane dalilin. Zuciya injin ban ruwa ce. Idan injin ya yi rauni, ruwa kan kwanta a fangalin da ya fi gangare. Idan kuma hanyar ruwan ce ta toshe, fangalin da ya fi nisa shi ke fara bushewa. A jikin ɗan Adam ƙafa ce ta fi gangare, ita ce kuma ta fi nisa, shi ya sa labarin yakan fara bayyana a wurinta. Dubawar da zan bayyana ba ta buƙatar komai sai ido, da yatsa, da tef ɗin tela. Ba ta maye gurbin likita, amma tana gaya maka ko yau za a tafi asibiti ko za a iya jiran ranar kasuwa.

Mataki na farko: kallo

Ka zaɓi yamma, bayan La'asar. Ruwan da raunin zuciya ke tarawa da yini yake sauka ƙafa, da safe bayan an kwana a miƙe yakan ragu har ya ruɗe ka. A zauna a tsakar gida inda akwai haske, a wanke ƙafafun, a naɗe wando ko zane zuwa gwiwa, a jera su biyun. Tsofaffinmu ba sa son a matsa musu da zancen jiki, don haka ka shiga da ladabi: "Baba, na ga kwana biyu takalmin nan yana matsa maka, bari in ga ƙafar." In tsohuwa ce, 'yarta ko jikarta ta duba.

Ka lura ko igiyar silifa ta bar shati mai zurfi, ko idon sawu ya nutse ba a ganin ƙashinsa, ko fatar ƙwauri tana sheƙi, gashinta ya zube. Ka buɗa tsakanin yatsu, ka ɗaga ka ga tafin ƙafa da diddige. Lalle yana ɓoye launin fata da na farce, saboda haka ga mata a duba bayan ƙafa da gindin farcen da ya fito sabo. Tambayar da za ka riƙe tun daga nan ita ce: ƙafa ɗaya ce ko duka biyun? Kusan komai a kanta ya rataya.

Mataki na biyu: dannawa

Sa babban yatsanka a kan ƙashin ƙwauri, faɗin yatsu huɗu sama da idon sawu. Danna a hankali, ka ƙirga goma, ka ɗaga. Idan wurin ya loɓa ya daɗe bai ciko ba, ruwa ne. Sai ka hau sama kaɗan-kaɗan kana dannawa, ka ga inda ya tsaya: tsakiyar ƙwauri, gwiwa, ko cinya. Iyakar hawansa, iyakar yawan ruwan. Wanda ya daɗe a kwance kuwa ƙafarsa na iya zama siririya alhali ruwan ya koma tsatso da gadon baya, don haka a juya shi a danna can.

Kumburin da ya yi shekaru, fata ta yi kauri da tauri, yatsa ba ya shiga, galibi tundurmi ne, wanda sauro ke yaɗawa. Yana da nasa kulawar, amma ba na zuciya ba ne.

Mataki na uku: tambayi numfashi

Nan ne mutane suka fi yin sake, domin ba sa haɗa ƙafa da ƙirji. Kada ka ce "kana haki?", zai ce maka a'a. Ka tambaya ta hanyar aikin yau da kullum. "Inna, matashi nawa kike sawa yanzu in za ki kwanta?" "Baba, har yanzu kana kaiwa masallacin Juma'a ba ka tsaya a hanya ba?" Macen da a da take surfa kwano biyu ba ta ajiye taɓarya ba, yanzu luguden farko take zama. Mutumin da ya koma kwana a jingine da bango, ko yake farkawa tsakar dare yana neman iska har sai ya buɗe ƙofa. Wasu ruku'u da sujada ma haki suke sa su. Akwai tarin dare da ake ta yi wa maganin asma ko na mura ba ya ji.

Ka kalli wuyansa yana zaune ya ɗan jingina. Idan jijiyar gefen wuya ta cika ta miƙe tana harbawa, wata shaida ce. Haka ciki da ya ɗaga, da nauyi ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da saurin ƙoshi. Ƙafafu biyu masu loɓawa tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan, a ɗauka zuciya ce har sai asibiti ta ce ba ita ba ce, kuma a je cikin kwana ɗaya ko biyu. In kuwa yana haki ko a zaune, ba ya iya ƙarasa magana, ko yana tarin kumfa, a tafi a lokacin. A ɗauke shi a zaune cikin mota, kada a shimfiɗe shi.

Ba kowane kumburin ƙafa biyu ne na zuciya ba. Na ƙoda yakan fara da fuska, a tashi da safe idanu a kumbure, fitsari yana kumfa ko ya ragu. Na hanta yakan zo da babban ciki da shawara a ido. Ƙarancin jini mai tsanani yana sa tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari fat, shi ma kuma yana iya gajiyar da zuciya. Yaro ƙarami da ƙafafunsa biyu suka kumbura, gashinsa ya yi ja, tamowa ce mai hatsari. Duk cikinsu babu wanda ake zama da shi a gida.

Abin da ya fi kawo gazawar zuciya ga manya a ƙasar nan shi ne hawan jinin da aka daɗe ba a sani ba, ko aka sani aka bar magani. Awon ba ya cin minti biyar a ƙaramin asibitin mazaɓa. Idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka maimaita a wata rana ya sake nuna haka, hawan jini ne, ko da mutum bai taɓa jin ciwon kai ba.

Mataki na huɗu: idan ƙafa ɗaya ce

Abu biyu ne a nan da ba a kwana da su.

Na farko, sharaɓa ɗaya ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, tana ciwo, ta fi 'yar'uwarta ɗumi. Ɗauki tef ɗin tela, auna santimita 10 ƙasa da tudun ƙashin da ke ƙarƙashin gwiwa, ka zagaya kowace ƙafa a daidai wurin. Bambancin da ya wuce santimita 3 abin tsoro ne. Jini na iya daskarewa a cikin babbar jijiya, musamman ga mai jego, da wanda aka yi wa tiyata, da mai karaya da ya daɗe a kwance, da wanda ya yi doguwar tafiya a matse cikin mota, irin ta masu kai kaya Legas. Ina roƙon kowa da girman Allah, kada a yi wa irin wannan ƙafa tausa. Gudan jinin na iya ɓallewa ya bi jijiya ya toshe huhu, mutum ya faɗi nan take. Ciwon ƙirji ko haki da ya zo kwatsam bayan irin wannan kumburi alama ce cewa hakan ya fara faruwa.

Na biyu, ƙafa ta ɗauki ciwo mai tsanani farat ɗaya, ta yi sanyi ƙalau, ta koɗe, ta sage, yatsu sun ƙi motsi. Jini ne ya yanke mata, sau da yawa saboda gudan jini da ya taso daga zuciya mai bugawa ba bisa tsari ba. Sa'o'i kaɗan ake da su, kamar shida, kafin naman ya fara mutuwa. Ba a gasa ta, ba a ɗaga ta sama. A lulluɓe ta da zane a nufi babban asibiti kai tsaye.

Mataki na biyar: ciwon tafiya da bugun jijiya

Akwai dattijon da zai ce maka, "In na kama hanyar gona, daidai tsamiyar nan sharaɓata ke ɗaurewa, in na tsaya kaɗan sai ta sake ni." Kullum a kusan wuri ɗaya, kullum tsayuwar 'yan mintuna ke warware shi. Wannan ya bambanta da ciwon gwiwa na tsufa, wanda a gaɓa yake, kuma yakan fi tsanani lokacin tashi daga zaune. Jijiyoyin da ke kai jini ƙafa ne suka tsuke saboda kitse da ya taru a bangonsu. Cutar da ta tsuke su ba a ƙafa kaɗai ta tsaya ba, tana nan a jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa, shi ya sa masu wannan ciwo suka fi shiga hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Taba, da ciwon sukari, da hawan jini, da shekaru, su ne manyan masu jawo shi.

Taɓa ƙafafun biyu da bayan hannunka ka ji ko ɗaya ta fi sanyi. Sannan ka sa yatsu biyu a bayan ƙashin idon sawu ta ciki, ka saurari harbawa. Ka sake nema a bayan ƙafa, a layin da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Kada ka danna da ƙarfi. Wasu masu lafiya ma ba a jin na bayan ƙafar, don haka rashinsa shi kaɗai ba hujja ba ne, amma in babu duka biyun a ƙafa ɗaya alhali akwai a ɗayar, a faɗa wa likita. Matsa farcen babban yatsa har ya yi fari ka saki: jini ya kamata ya dawo kafin ka ƙirga uku.

Idan ciwon ya kai ga hana barci, har mutum yana sauko da ƙafar daga gado don ya ji sauƙi, ko yatsa ya fara baƙi, abin ya yi nisa. A kula da wannan bambanci: mai kumburin ruwa ɗaga ƙafa ke taimakonsa, mai tsukewar jijiya kuwa ɗagawa ƙara masa azaba take yi. Shi ba a ɗaure masa ƙafa da bandeji mai matsewa.

Mataki na shida: ji

Ka ce ya rufe ido, ka taɓa kan yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsanka a hankali, ya faɗi duk lokacin da ya ji. Wanda ba ya ji, ko yake kukan tafin ƙafa na zafi da dare, ko tsira kamar ta allura, a auna masa sukari. Kafin karyawa, 126 ko sama da haka a ma'aunin mg/dL, in an maimaita, ciwon sukari ne. Ƙafar da ba ta ji ita ce ke taka ƙaya a gona ba a sani ba, ita ke ƙonewa a rairayin bazara, ita ake miƙa wa kaskon garwashi da hunturu har ta sale. Mai sukari ba ya tafiya ba takalmi, yana zazzage takalmin kafin ya sa, ba ya barin a yanke masa kaushi da reza, ba a yi masa sakiya ko tsaga. Muna da wata dama da ba kowa ke da ita ba: sau biyar a yini muna wanke ƙafa. A mai da alwala ɗaya lokacin dubawa, a kuma goge tsakanin yatsu su bushe. Mikin da ya yi mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, na asibiti ne.

Mai ciki da mai jego

A nan nake so a fi tsayawa, domin a nan muka fi asara. Ɗan kumburin ƙafa da yamma a watannin ƙarshe na ciki abu ne da aka saba. Wanda ba a saba ba shi ne ya hau fuska da hannu, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, ga ciwo a saman ciki. Wannan hawan jinin ciki ne, shi ke kaiwa ga jijjiga. Kada a ce alamar tagwaye ce. A auna hawan jini da fitsari a ranar. A Jigawa, ƙungiyar likitocin MSF tana aiki a sashen haihuwa na babban asibitin Jahun tun 2008, kuma irin waɗannan matan na cikin waɗanda suke karɓa.

Sai kuma raunin zuciya na jego, wanda ke kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa kamar wata biyar bayan haihuwa. Yankinmu na cikin inda ya fi yawa a duniya. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, ya samu kusan mace ɗaya cikin haihuwa ɗari a Kano. Masu binciken farko a Zariya, a shekarun 1970, sun ɗora laifin a kan wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon da ake hura wa wuta, da kunun kanwa. Binciken baya bai samu cewa al'adun ne ke haddasa cutar ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da hawan jinin ciki, da halin rashi, an kuma ga ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin da yawa daga cikin matan. Duk da haka kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke riƙe ruwa a jiki. Macen da ƙafarta ta riga ta kumbura, a dakatar mata da kunun kanwa har likita ya gan ta.

Mai jego takan ɓoye, don kada a ce ta cika raki. Uwa ko gwaggon da ke yi mata wanka ita ta fi kowa ganin jikinta. Gwaggo, in kin ga bayan suna ƙafa na ƙara hawa maimakon saɓewa, tana haki in ta ɗauki jariri, tana tari in ta kwanta, kada ki jira arba'in. Da yawa zuciyarsu na farfaɗowa idan an fara magani da wuri. Sannan maigida ya zauna da likita a kan batun ciki na gaba, domin sake ɗaukar ciki kafin zuciya ta dawo daidai yana iya cin rai.

Yara

Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 da ya yi ciwon maƙogwaro, bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi, gwiwa ta kumbura yau, jibi ta saki idon sawu ya ɗauka, wannan ciwo mai yawo na iya lalata ƙofofin zuciya har abada. Ana ruɗa shi da sikila, gwaji ne ke rabawa. Idan an tabbatar, allurar fenisilin ce duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, kuma ba a tsallakewa.

Ranar zuwa asibiti

A tattara duk magungunan da yake sha cikin leda, har na kemis da na gargajiya, a tafi da su. Amlodifin da nifedifin, magungunan hawan jini ne masu kyau, amma suna kumbura idon sawu ga wasu. Kada a daina, a nemi likita ya duba. Diklofenak, da ibufurofen, da Feldene, da haɗin ciwon jiki da manoma ke saya bayan an tashi daga gona, suna riƙe gishiri da ruwa, suna wahalar da ƙoda, suna kuma tayar da ciwon zuciyar da ya lafa. Haka ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke sha. Kuma kada wani ya saya wa majiyyaci Lasix, maganin fitsarin nan mai fitar da ruwa daga jiki, don ya ji an ce yana sauke kumburi. Zai sauke, amma ba tare da awo ba yana iya busar da jiki ya taɓa ƙoda, ga asalin cutar an bar ta.

A gaya wa likita abu huɗu a jere: yaushe ya fara, ƙafa nawa, yaya numfashi, me ake sha. Za a auna hawan jini, da sukari, da yawan jini, da fitsari, da aikin ƙoda. Mai yiwuwa a yi hoton ƙirji da gwajin bugun zuciya. Hoton zuciya da ma'aikata ke kira eko, shi ke nuna ƙarfinta da halin ƙofofinta, kuma don shi akan tura mutum Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Murtala, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. A karɓi takardar turawa daga asibitin farko. A kuma tambayi ma'aikata yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya, KSCHMA a Kano, JICHMA a Jigawa, domin maganin zuciya na kowane wata ne.

Bayan an dawo gida

Kumburi zai sauka cikin kwanaki, a nan ne jarrabawar take. Saukarsa aikin magani ne, ba warkewa ba ce, duk wanda ya ajiye ƙwaya zai ga ruwan ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen miya, da kanwa, da gishirin yaji da na kilishi. Raba wa majiyyaci tukunya ba ya ɗorewa a gidan yawa. Ya fi sauƙi a rage wa kowa, a ƙara daddawa, da albasa, da citta, da tafarnuwa.

Mai raunin zuciya ya ɗora ƙafa a kan kujera in yana zaune. In akwai sikeli, ya hau kowace safiya bayan fitsari: ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne, a koma asibiti. In babu, a zagaya idon sawu da tef a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, ɗan makaranta a gidan ya riƙa rubutawa. Mai tsukewar jijiya kuwa ya bar taba kwata-kwata, ya yi tafiya har ciwon ya fara matsa masa, ya huta, ya ci gaba, rabin awa aƙalla sau uku a mako, in dai babu miki a ƙafar. Bayan wata uku yawanci nisan da yake kaiwa yakan ƙaru. Kafin azumi, musamman in ya faɗo cikin zafin bazara, mai shan maganin fitsari ya je ya tambayi likitansa ko zai iya ɗauka, in zai iya kuma, a gyara masa lokutan shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur.